Ingila ko Amurka: maganar biza da zaman kallo a asibiti ga likitar da za ta bi miji

Da na zo gida ƙaramar sallar nan, kwana biyu da saukata ɗiyar yayana ta same ni a gidanmu na Ƙofar Ƙaura bayan isha'i, daga asibiti ta taho ko gida ba ta biya ba, ta zauna bakin katifa ta buɗe wani littafi da ta cika da rubutu ta ce Goggo don Allah ki warware mani wannan abu, kaina ya kulle. Likita ce, a ABU Zariya ta ida, yanzu tana hawusjob, wato shekarar aikin horo ta sabon likita, saura wata huɗu. An ɗaura mata aure bara, maigidan nata ya samu gurbin PhD wuri biyu, ɗaya a Ingila ɗaya a Amurka, ya ce ta duba inda zai fi mata sauƙin ci gaba da aikinta can za su nufa (Allah ya yi mashi albarka, ba kowane namiji ke wannan tunani ba). Ita kau abin da ya cika mata kai shi ne obzabaship, wato zaman kallo a asibiti, wata ƙawarta ta ce mata da ta sauka ta nemi obzabaship shi ke nan ta shiga layi. Mun kai ƙarfe ɗaya na dare muna magana, kuma tunda duk zuwan da zan yi sai an yi mani wannan tambaya, na ce bari in rubuta yadda na faɗa mata. Ni ma miji na bi zuwa Ingila a 2021, don haka na can da ƙafata na taka shi, na Amurka kuma daga abokan karatuna da ke can ne da dokokin da ke rubuce.

Abu na farko da na ce mata, ɗiyata aje maganar obzabaship gefe tukuna, don ba shi ne ƙofar ba. Abin da Amurkawa ke kira obzabaship, a Ingila kuma a ce kilinikal atachmen, zaman kallo ne kawai. Za a ba ki kati ki rataya, ki bi konsaltan, wato babban likita, zagayen marasa lafiya, ki zauna a kilinik, ki shiga taro, amma ba ki rubuta magani, ba ki yanke hukunci, ba a biyanki ko sisi, wasu wuraren ma ke za ki biya. Ba lasisi ba ne, ba aiki ba ne, kuma ba ya zama biza.

Ba ni manta satin farko na nawa atachmen ɗin. Wata tsohuwa ce aka kawo, baƙar fata, ruwan jikinta ya ƙare, wani yaro likita sabon fitowa ya soka kanula sau uku bai samu jijiya ba, matar na ta cije baki tana kau da kai. Ina tsaye a ƙafar gado hannuna a baya, ina ganin jijiyar da idona a gefen wuyan hannu, irin wadda na sha samu a jikin jarirai da fitilar waya cikin dare ba wuta, wallahi yatsuna har motsi suke. Abin da na iya yi kawai shi ne na matsa na ce mashi a hankali ya gwada nan. Shekara bakwai ina aiki kafin ranar, na yi siyes, wato tiyatar ciro jariri, ba adadi, amma ran nan ban da ikon taɓa majinyaci. Duk wadda za ta shiga zaman kallo ta shirya ma wannan a zuciyarta, don yana da ciwo.

Amfaninshi kuma yana nan, ban raina shi ba. Nan na koyi yadda ake gaya ma majinyaci komai a nemi yardarshi kafin a taɓa shi, yadda ake rubutu a kwamfuta, wa ake kira in abu ya rikice, da dokar nan ta hannu tsirara daga gwiwar hannu zuwa ƙasa, wadda ke tayar ma mata masu hijabi hankali. Ɗankwali ko ƙaramin hijabi ba mai hana ki, kuma akwai hannun riga na leda da ake sawa a yar bayan an gama, ki tambaya tun ranar farko. Babbar riba ita ce konsaltan ɗin da ya san fuskarki zai tsaya maki shaida in kin zo neman aiki. To amma kin ga duk wannan sai kin shiga ƙasar, kuma da takardar da za ta bar ki ki yi aiki bayan kallon. Shi ya sa tambayar farko ita ce wace irin biza mijin ke riƙe da ita, don taki daga tashi take fitowa.

Mu fara da Ingila. In miji ɗalibi ne, tun 1 ga Janairu 2024 ba kowane ɗalibi ke iya kai iyali ba, sai mai karatun bincike irin PhD, ko wanda gwamnati ta ɗauki nauyinshi kwas ɗin ya wuce wata shida, kamar masu tallafin karatu na PTDF. Mai mastas na shekara ɗaya da ya biya da kuɗinshi ba ya kai mata, mutane da yawa har yau ba su san an canza ba. Mijin ɗiyata PhD ne, don haka ita ta shiga. Kuma wannan bizar rakiya tana ba matar damar aiki cikakke, har aikin likita in ta samu rajistar GMC, hukumar likitocin Ingila, ba sai asibiti ya ɗauki nauyin bizarta ba, wannan ba ƙaramar dama ba ce, don tana iya amsar aikin cike gurbi na kwana biyu ko sati, wanda mai jiran a ɗauki nauyinshi daga Najeriya ba ya iyawa. Kuɗi dai akwai: harajin lafiya fam 776 duk shekara ga ɗalibi da kowane mai rakiyarshi, a biya na duk shekarun gaba ɗaya tun wajen nema, sannan a nuna kuɗin zama fam 680 a wata har wata tara in wajen Landan ne, fam 845 in cikin Landan ne, kuɗin su kwana 28 a asusu ba a taɓa ba. Ki buga wannan da canjin yau ki gani, ba abin da za a tara cikin wata biyu ba ne.

In miji ma'aikaci ne da bizar ƙwararru, galibi matar na bin shi kuma tana aiki, harajin lafiyarta fam 1,035 a shekara, sai in shi ma ma'aikacin lafiya ne mai bizar lafiya, su an yafe masu harajin har iyalinsu. Amma masu aikin kula da tsofaffi an hana su kai iyali tun 11 ga Maris 2024. In kuma miji ya zama ɗan ƙasa ko yana da zaman dindindin, bizar aure za a nema, sai ya nuna yana samun fam 29,000 a shekara, da can 18,600 ne aka ɗaga a Afrilun 2024, ana ba da wata 33 a farko sai a sabunta. Duk waɗannan sai an yi gwajin tarin fuka a cibiyar IOM, Abuja ko Legas.

Akwai hanya ta daban da wasu ke bi, wato matar ta zauna a gida tana aikinta, ta je da bizar ziyara ta rubuta jarabawa ta yi atachmen, ta dawo ta nemi aiki daga nan, in ta samu asibiti ya ba ta takardar ɗaukar nauyi ta tafi da bizar kanta. Dokar bizar ziyara ta yarda da PLAB, jarabawar da Ingila ke yi ma likitocin waje, da atachmen wanda ba biya, wata shida, wanda ya ci PLAB yana iya neman ƙari har jimilla wata 18. Matsalarta biyu. Ba a juya bizar ziyara ta koma ta aiki daga cikin ƙasar, dole ki fito. Sannan mai duba takardu in ya ga mijinki na can, sai kin gamsar da shi sosai cewa za ki dawo. Amma kyanta shi ne bizar taki ce, ba ta rataye a wuyan kowa ba. Na faɗa ma ɗiyata wannan ido cikin ido duk da amarya ce, Allah ya ba su zaman lafiya har tsufa, amma aure rai gare shi, kuma na ga mace da 'ya'ya biyu wadda aurenta ya mutu a can takardarta ta bi shi. Shawarata ita ce ki shiga da ta rakiya tunda ta fi sauri, ranar da kika samu aiki tsayayye ki duba komawa kan bizar kanki. Wani dalilin ma, shekarun da aka yi kan bizar ɗalibi ba su shiga lissafin shekara biyar na zaman dindindin, na bizar aiki ke shiga, kuma a Mayun 2025 gwamnatinsu ta fito da shirin maida shi shekara goma ga mutane da yawa.

To Amurka fa. Nan ne labari ya sha bamban, ga PhD iri ɗaya amma matsayin matar daban. In mijin na kan bizar ɗalibi F-1, matar F-2 za a ba ta, kuma mai F-2 ba ta aiki, ko kaɗan, ko na awa ɗaya. PhD a Amurka kan ci shekara biyar ko fiye, ki lissafa likita ta zauna wannan tsawon ba ta taɓa majinyaci ba. Wasu asibitoci na amsar mai F-2 zaman kallo tunda ba albashi, wasu ba su amsa. In mijin na kan bizar musaya J-1 ne matar J-2, ita tana iya neman katin izinin aiki, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, sai dai wasu masu J-1 akwai sharaɗin komawa gida shekara biyu bayan sun gama, kuma sharaɗin na hawa kan matar. In ma'aikaci ne mai H-1B, matar H-4 ce, ba ta aiki sai neman girin kad ɗin mijin, wato katin zaman dindindin, ya kai wani mataki. Matar ɗan ƙasa ko mai girin kad ita ce ta fi kowa morewa, in ta sauka da bizar zama tana aiki daga ranar, amma jiran na da tsawo kuma a Legas ake intabiyu. Shi kanshi obzabaship ga wanda zai je daga gida, B-1 ake nema, bisa sharaɗin ba biya ba taɓa majinyaci.

Duk wannan bayani na yadda tsarin yake ne, abin da ke ƙasa yanzu ya fi haka tsanani. A Yulin 2025 aka maida yawancin bizar 'yan Najeriya ta wata uku shiga ɗaya. Sai a Disamba Trump ya sa hannu kan sanarwar da ta fara aiki 1 ga Janairu 2026, ta dakatar da ba 'yan Najeriya bizar B da F da M da J, wato na ziyara da karatu, da kuma bizar zama ta dindindin, ban da wanda ya riga yana da biza mai rai ko girin kad. Mutanenmu na Daura da Mai'aduwa da Jibiya masu fasfon Nijar kuma nasu ya fi muni, Nijar na cikin waɗanda aka rufe ma ƙofa gaba ɗaya. Shi mijin ɗiyata jami'ar Amurkar ta ce za ta riƙe mashi gurbin shekara guda, shi ya sa yake tunanin ko su jira. Gaskiya ne an taɓa yin makamancin haka, a 2020 an hana 'yan Najeriya bizar zama, Biden ya ɗage a Janairun 2021. Tana iya buɗewa. Amma na ce mata ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, ko an buɗe gobe F-2 ɗin nan dai ita ce ke jiranki.

Sai jarabawa, wadda ita ce ainihin hanyar komawa bakin gado. A Ingila rajistar GMC ake nema. Turanci tukuna, IELTS maki 7.5 gaba ɗaya kuma kada kowane sashe ya gaza 7, ko OET da B a duka huɗun, likitoci da yawa sun fi samun sauƙin OET tunda maganar asibiti ce, rubutun IELTS ɗin nan ya kayar da mutane masu ƙoƙari ba adadi. Sakamakon shekara biyu yake yi. Sai PLAB 1, tambaya 180 cikin awa uku, ana yinta a Najeriya, ni a Abuja na yi, samun kujera ne aiki don minti kaɗan suke cika in an buɗe. PLAB 2 a Mancesta kawai ake yi, tasha 16, kowace minti takwas, ɗan wasa ne ke zama majinyaci ana duba yadda kike magana da shi. Mu nan mun saba majinyaci ya ce likita duk yadda kika gani, can sai kin tambaye shi mi yake tunani, mi ke damunshi, mi yake so a yi mashi, kuma nan ne atachmen kafin jarabawar ke taimako ƙwarai. Mai himma cikin shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi tana iya ida duka. Wadda ta riga ta yi nisa a residensi, wato horon ƙwarewa, kuma tana iya bin jarabawar ƙwararru ta MRCP ko MRCOG ko MRCPCH a maimakon PLAB, ta shiga a mataki na sama.

A Amurka jarabawar USMLE ce. Step 1, tun Janairun 2022 ci ko faɗuwa ne ba maki, don haka nauyin ya koma kan makin Step 2 CK, kowace yini guda ake zaune ana yinta. Sai OET, sai takardar shaidar ECFMG, hukumar tantance likitocin waje, sai a cike neman gurbin residensi a watan Satumba, a yi intabiyu, a jira sakamakon Match, wato rabon gurabe, a watan Maris. Sau ɗaya a shekara, in kin rasa sai baɗi. Kuma a yawancin jihohi ko konsaltan ce ke a gida sai kin sake residensi daga farko, shekara uku ga likitan ciki ko na yara, huɗu ga na mata, biyar ga tiyata. Jihar Tenesi ta yi doka a 2023 da ke sassauta wannan ga wasu ƙwararru, wasu jihohi sun bi, amma ba ta sabuwar likita ba ce. Ladan wahalar shi ne in kika shiga residensi hanya miƙaƙƙiya ce, shekara uku kin zama cikakkiyar ƙwararriya da albashin da Ingila ba ta kusa da shi. A Ingila shiga ta fi sauƙi amma hawa sama ne ke da cunkoso.

Shi ya sa nauyin zaman kallo ba ɗaya ba ne a ƙasashen biyu. A Amurka kusan dole ne, don masu zaɓen residensi na son wasiƙun shaida daga likitocin can, galibi uku, kuma ba inda za ki same su sai kin zauna da su. Suna da matakai ma, wanda ɗalibi ke yi kafin ya gama makaranta ya fi daraja don yana taɓa majinyaci, sai ekstanship, na likitan da ya gama yana ɗan sa hannu ƙarƙashin kulawa, sai obzabaship a ƙasa, kuma na asibitin koyarwa mai residensi ya fi na ƙaramin kilinik ɗin da wani kamfani ya haɗa ki da shi. Kuɗi ne masu yawa, wata guda na iya cin dala dubbai ban da haya da abinci. Shirye-shirye da yawa kuma sun fi son wanda bai wuce shekara biyar da gama makaranta ba, kin ga zaman F-2 na cin wannan lokaci kenan. A Ingila GMC ba ta neman atachmen sam, sati huɗu zuwa shida ya isa, wasu asibitoci kyauta wasu su caji kuɗi. Yadda na samu nawa, wasiƙa na yi ta tura ma konsaltoci ta imel da takardar tarihin aikina, sama da talatin, biyu suka amsa, ɗaya ya ce in zo. Ƙananan garuruwa sun fi Landan da Mancesta saurin amsawa. Za su nemi shaidar rigakafin ciwon hanta da gwajin tarin fuka da takardar 'yan sanda, ki taho da su daga gida.

Kada kuma in ɓoye maki, Ingilar ma ba ta 2021 ba ce. Ni wata biyar bayan rajista na samu aiki. Yanzu akwai waɗanda na sani da rajistar GMC a hannu sun shekara suna nema, aiki ɗaya mutum ɗaruruwa, kuma a Yulin 2025 gwamnati ta ce za ta fifita waɗanda suka yi karatu a can wajen gurbin horo. Najeriya na cikin jerin ƙasashen da hukumar lafiya ta duniya ta ce kada a je ana kwasar ma'aikatansu, don haka NHS, hukumar asibitocin gwamnatin Ingila, ba ta zuwa ɗibar likitoci, ke za ki nema da kanki. Duk wanda ya ce maki shi ejan ne zai samo maki aikin NHS ko wasiƙar obzabaship ki ba shi miliyan kaza, ki riƙe kuɗinki. Wata abokiyar aikina ta sai da filinta na gado ta ba wani irin wannan, wasiƙar da ya kawo da tambarin asibiti da sa hannu da komai, da ta rubuta ma asibitin suka ce ba su san da zancen ba. Allah ya taimake ta ba ta kai ga saka ta cikin neman biza ba, da takardar bogi ta jawo mata haramcin shekara goma.

Abin da na fi matsa mata a kai shi ne wata huɗun nan da suka rage. Dangin miji na cewa ta bi shi da ya tashi, mi za ta zauna yi, har yayana ya fara karkata. Na same shi da safe na ce Yaya ka yi haƙuri ka bar yarinyar nan ta ida. GMC na son hawusjob na wata 12 cikakke, aƙalla wata uku a ɓangaren ciki uku a tiyata, kafin ta ba da cikakkiyar rajista. In ba shi, rajistar wucin gadi za a ba ta, sai ta nemi gurbin shekarar farko tare da yaran da suka fito makaranta a can, layin da ba shi da tabbas. Kuma ba ta da cikakkiyar rajistar MDCN, hukumar likitocin Najeriya, ke nan, ko gida ta dawo ta koma baya. Hidimar ƙasa Turawa ba ruwansu da ita, amma ranar da ta dawo neman aikin gwamnati sai an tambaya, ga shi shekarar hidimar lokaci ne mai kyau na karatun OET da PLAB 1 tana taɓa marasa lafiya, don GMC za ta tambayi abin da kika yi a shekara biyar da suka wuce har da inda kika zauna ba aiki. Wadda gwamnatin jiha ta ɗauki nauyin karatunta da yarjejeniyar yin aiki, irin waɗanda aka tura karatu Sudan da Masar, ta je ta warware wannan da hukuma a rubuce kafin ta tafi, kada ta sulale.

Takardu kuma tun yanzu. A tura shaidar digiri a tantance ta EPIC, tsarin da GMC ke bi wajen tantance takardu, makarantunmu na ɗaukar lokaci kafin su amsa, zuwa da kai ya fi saƙo. Takardar kyakkyawan hali ta MDCN wata uku kawai take yi a wajen GMC, kada a yi gaggawar amsarta. Sai suna, wanda shi ne ciwon mutanenmu, digiri ya ce Hauwa'u fasfo ya ce Hauwa, nan an sa sunan gari can an sa na kaka, ranar haihuwa ta NIN daban, a gyara a yi rantsuwar kotu tun ana gida. Sai takardar aure, don mu ɗaurin aure a zaure ko masallaci ake yi a watse ba mai rubuta komai, to a je a yi rajista a amso shaida, a aje hotunan biki da shaidar kuɗin da yake turo mata. Wadda za ta shiga a ta biyu kuma ta sani tun wuri, in uwargida ta riga ta shiga Ingila a matsayin matarshi kuma auren na nan ba a ba ta biyu bizar aure, Amurka ma mace ɗaya ta sani. Irin wannan sai dai ta nemi bizar aikinta da kanta. Kuma duk abin da na faɗa haka yake in namiji ne likitan matar ce ke can, na san biyu da suka bi matansu, surutun gari ne kawai ya fi yawa a kansu.

Da ta tambaye ni Goggo in ke ce fa, na ce Ingila, ba don ta fi daɗi ba, sanyi da kaɗaici da kuɗin mai rainon yaro duk suna nan suna jiranta. Dalilina shi ne a can ranar da ta sauka tana da izinin aiki, jarabawa ɗaya kawai za ta rage mata in ta yi ta farko a gida, atachmen ɗin sati shida ne ba shekara ba, kuma jirgi awa shida da 'yan kai ne zuwa Abuja in wani abu ya taso a gida. In ranta na kan Amurka ba abin da ya hana ta karanta USMLE daga Ingila tana aiki tana tara kuɗin, na san waɗanda suka yi haka. Wadda zan ce ma ta nufi Amurka kai tsaye ita ce wadda mijinta ɗan ƙasa ne ko mai girin kad kuma ƙofa ta buɗe, sabuwar fitowa, mai ƙarfin zaman karatun shekara biyu.

Kafin in koma sun zo su biyu sun gaishe ni, ya ce ya amsa ma jami'ar Ingila, zai tafi watan Satumba ya kama ɗaki. Ita za ta ida hawusjob, ta yi rajistar OET, ta tafi hidimar ƙasa, in ta ci PLAB 1 ta bi shi. Na ba ta tsofaffin littattafaina da ke cikin akwati a ɗakin Hajiya, na amshi kwafin tarihin aikinta zan kai ma konsaltan ɗin da na yi atachmen a wajenshi, har yanzu yana nan bai yi ritaya ba.